Ajiyar wake: buhun PICS ko maganin ƙwari?

Duk kaka sai an yi mini wannan tambayar.

Ta fuskar kuɗi, magani ya fi araha a ranar saye. Buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, ya fi buhun gargajiya tsada, amma yana kai shekara biyu zuwa uku in bai huje ba. Leda biyu ce a ciki, buhu a waje. Kowace a matse iska a ɗaure ta daban, ƙwaron ya mutu don rashin numfashi. Sharaɗinsa: waken ya bushe ƙayau, a kuma kiyaye ɓera.

Magani kuwa ta fuskar lafiya yake cin mutum. Fiya-fiyar da wasu ke yayyafawa ba ta abinci ba ce sam, ragowarta na bin wake har tukunyar alala. Saboda ita Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Ƙwayar fostoksin kuma, wadda ake turara hatsi da ita don kashe ƙwari, hayaƙinta na kisa in an ajiye buhun a ɗakin kwana.

Magidanci da ƙaramin manomi, PICS ya fi musu. Babban ɗan kasuwa mai sito nesa da gidaje, da ƙwararren mai turara hatsi da magani, fostoksin zai yi masa.