Tsoron shiga mota: horar da zuciya ko shan magani?

Mutumin da ya tsira daga hatsari a hanyar Katsina zuwa Daura, har ta kai da ya ji ƙarar inji a tasha sai gabansa ya faɗi, gumi ya keto masa, yana da hanyoyi biyu.

Ta farko ita ce tunkarar abin tsoron sannu a hankali, hanyar da likita Joseph Wolpe ya bayyana a 1958. Mai horarwa zai fara koya masa sassauta jiki da daidaita numfashi, sannan ya zaunar da shi cikin motar da ke tsaye har bugun zuciyarsa ya lafa, daga baya a zaga da shi daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Soro a cikin birnin Katsina, kafin a yi zancen doguwar tafiya. Tana cin makonni, tana kuma buƙatar juriya, domin gudun abin tsoro ƙara wa tsoron ƙarfi yake yi. Amma abin da ƙwaƙwalwa ta koya haka yakan daɗe.

Ta biyu ita ce shan magani. Diazepam yana kwantar da fargaba cikin sa'a guda, sai dai jiki yana sabawa da shi, shi ya sa sayensa a kemis ba tare da takardar likita ba ganganci ne. Magungunan damuwa irin su sertraline kuwa sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin amfaninsu ya bayyana, kuma sun fi dacewa da wanda damuwa ta hana shi barci da sana'a. Ga tsoron abu guda kamar mota, a ganina horon ya fi, muddin mai horarwar ya san lokacin da zai tura mutum wurin likitan ƙwaƙwalwa.