Spärra da hindra: wanne ƙamus zai warware maka?

Ɗan'uwa, ka tambaya wanne ƙamus ne zai bambance maka kalmomin Suwidanci irin spärra da hindra. Duka biyun da ka ambata ina da su a gida, ƙaramin ƙamus na aljihu da tsohon ƙamus ɗin asalin kalmomi na Elof Hellquist, wanda ya fara fitowa a 1922. Ka sayi Hellquist.

Na aljihun na saye shi a watan farko da na iso Suwidin. Yana raka ni kanti, iyakarsa ke nan. Ka buɗe spärra ya ce hanawa, ka buɗe hindra ya ce hanawa, ya bar ka a inda ya same ka.

Hellquist kuwa a wani shagon tsofaffin littattafai na tsince shi, juzu'i biyu, bangonsu ya ɗan ci ƙasa. Ranar da katin bankina ya ɓace a jirgin ƙarƙashin ƙasa, na kira banki jikina na rawa, matar ta ce za ta spärra katin. Da na dawo gida hankali ya kwanta, sai na jawo juzu'i na biyu. Ashe kalmar 'yar gida ɗaya ce da sparre, wato katakon da ake jerawa a rufin ɗaki, abin da mu za mu kira azara. Jamusawa ma suna da sperren, mutanen Nowe sperre. Nan take na tuna ƙyauren zauren kakana da ake gitta wa itace da dare. Spärra sa sakata ne. Abu ne ake gittawa a hanya, a ido ko a na'ura, shi ya sa shingen da kake ɗora tikiti ya buɗe a tashoshin Sitokholm sunansa spärr, kuma 'yan sanda kan spärra titi bayan hatsari. Tun daga ranar ban sake rikita ta ba.

Hindra tana juzu'i na farko, kuma ita jininta daban ne. Danginta hinter na Jamusanci, wato baya. Ma'anarta ta asali riƙe mutum a baya, kada ya ci gaba. Ba sai da shinge ba. Dusar ƙanƙara za ta iya hindra ka zuwa aiki, ciwon gwiwa ma haka, har surukarka idan ta so. Amma kati ko lambar waya ba a hindra su, spärra ake yi. In ka faɗa wa ma'aikacin banki hindra zai gane nufinka, sai dai zai ɗan yi murmushi.

Gaskiya guda: Hellquist ba shi da sauƙi. Suwidancin shekara ɗari ne, cike da gajerce-gajercen kalmomi, fsv. tsohon Suwidanci, mlty. Jamusancin 'yan kasuwar ƙungiyar Hansa da suka cika biranen Visby da Sitokholm a zamanin da, waɗanda suka bar wa harshen kalmomi birjik. Mako biyu na yi da shafin bayanin gajarce-gajarcen kafin idona ya saba. Idan har yanzu kana farkon SFI, ajin koyon Suwidanci na baƙi, ka ajiye shi kusa, za ka iso gare shi.

Sannan ka yi hattara da masu sayarwa a intanet. Wasu za su ɗora hoton littafi guda su ce cikakke ne, alhali A zuwa N kawai suke da shi, kuma spärra tana cikin ɗayan. Ka ce su ɗauki hoton juzu'i biyun tare kafin ka tura ko kurona ɗaya. Wasu kuma fayil za su sayar maka, bayan bugun 1922 yana nan kyauta a shafin intanet na Projekt Runeberg. Can za ka fara leƙawa yau da dare, ka karanta spärra da sparre, in ya yi maka sai ka nemi na takarda.