Wane Irin Koren Wake Za Ka Saya Wa Lambun Gida a Sakkwato?

Masu lambun gida da yawa a Sakkwato suna sha'awar noman koren wake, wato waken da ake cin kwansonsa tun yana kore bai ƙosa ba, wanda ake yankawa a soyayyar shinkafa ko a miyar kayan lambu. Matsalar tana farawa ne a wajen sayen iri. Fakitin da aka fi yi wa ado shi ne na wake mai jan fure, wanda za ka ga an rubuta "runner bean" a jikinsa, da hoton kwanso dogaye masu sheƙi. Kafin ka miƙa kuɗinka, ya kamata ka san cewa iri uku ne ke gabanka, kuma kowanne da lokacin da yake yarda da garinmu.

Wake mai jan fure asalinsa tsaunukan Meziko da Amurka ta Tsakiya ne, wurare masu sanyi da laima. Daga can aka kai shi Turai, ya samu gida a Ingila, inda masu lambu da yawa ke kafa masa sanduna. Yana yaɗo ya haura mita uku, kwansonsa faffaɗa ne mai ɗan kaushi a baya, ɗanɗanonsa kuma ya fi na sauran ƙarfi. Wanda ya taɓa cinsa yana sabo ba zai manta ba, shi ya sa ban ga laifin mai kwaɗayinsa ba.

Amma wannan wake ba ya son zafi ko kaɗan. Da zarar rana ta wuce digiri 30, ga iska busasshiya, sai ya yi ta fure yana zubarwa. Za ka fito da safe ka tarar da gindinsa ja wur da furen da ya kakkaɓe, ganye kore shar, kwanso kuwa babu. Ƙari a kan haka, yawancin nau'o'insa sai ƙudan zuma sun ziyarci furen kafin ya ɗaure, saɓanin sauran wake da ke ɗaurewa da kansu. To ka auna da Sakkwato, inda a watan Afrilu zafi ke wuce digiri 40, ko a damina ma rana ba ta cika sauka ƙasa da 30 ba. Damar da ke akwai ɗaya ce: hunturu. Idan ka shuka a farkon Nuwamba, furen zai zo a ƙarshen Disamba zuwa Janairu, lokacin da dare ke da sanyi sosai. Yana ɗaukar kusan wata uku kafin a fara tsinka, ke nan zafin ƙarshen Fabrairu na iya tarar da shi yana tsakiyar aiki.

Idan duk da haka ranka na so, ka zaɓa da lura. Tsofaffin nau'o'i irin su Scarlet Emperor da Painted Lady don sanyin Ingila aka san su, su ne za su fi wahala a nan. Masu farin fure kamar White Lady sun fi jure ɗumi. Akwai kuma Moonlight da Firestorm, waɗanda aka haɗa da jinin koren wake na gama-gari don su riƙa ɗaurewa da kansu. Waɗannan biyun su ne suka cancanci gwaji. Ƙaramin fakiti ya isa, layi ɗaya a jikin katangar da ke samun hantsi ta kuma tare rana bayan azahar. Kada ka ba shi dukan lambun.

Na biyu shi ne koren waken da muka saba gani a Kasuwar Daji tare da karas da kabeji, wanda galibi daga wurare masu sanyi irin su Jos ake kawo shi. A fakiti za ka ga "French bean" ko "green bean". Shi ma ɗan Amurka ne a asali kuma ba ya son tsananin zafi, amma ya fi mai jan fure haƙuri, kuma ba ya jiran ƙudan zuma. Kashi biyu ne. Akwai gajere, wanda ba ya wuce gwiwa, ba ya buƙatar sanda, yana ba da kwanso cikin kwana 50 zuwa 60; Contender na cikin sanannunsa, an kuma san shi da saurin nuna. Akwai mai hawa, irin su Kentucky Wonder, wanda ke ɗaukar kwana 65 zuwa 70 amma ya fi daɗewa yana bayarwa. A ganina gajeren ya fi dacewa da mu, saboda sanyinmu gajere ne. Ka shuka a Nuwamba, bayan mako biyu ka ƙara wani fangalin, sai uwargida ta yi ta tsinka daga Janairu har zafi ya shigo. Wanda ke da halin sayen iri ɗaya kacal na hunturu, wannan zan ce ya ɗauka.

Na uku shi ne wanda nake jin takaicin yadda ba a kula shi ba: dogon wake, mai sunan "yardlong bean" a fakiti. Ɗan'uwan wakenmu ne na gona, jinsinsu ɗaya, sai dai mutanen Asiya sun yi ta zaɓensa saboda kwanso, har ya zama yana kai rabin mita ko fiye. Tun da jininsa na wakenmu ne, zafi ba ya tsorata shi. Sanyi ne ma ke sa shi nawa. Ka shuka shi da faɗuwar damina a Yuni ko Yuli, ko a Satumba idan kana da halin ban ruwa, cikin wata biyu zuwa biyu da rabi za ka ga kwanso na reto bibbiyu. Ɗanɗanonsa ya ɗan bambanta, ya fi kusa da na ɗanyen wakenmu, kuma ya fi daɗi a soye da albasa da attaruhu a kan a dafa shi cikin ruwa mai yawa, inda yake yin laɓo-laɓo. Aibinsa shi ne duk ƙwarin da ke damun wake a gona suna damunsa: darɓa a kan toho, da tsutsar da ke huda fure da kwanso. Ruwan dakakkun 'ya'yan dogon yaro da aka jiƙa ya kwana, a fesa da yamma, yana rage su sosai idan an fara da wuri.

Ko wanne ka zaɓa, ka duba irin da kyau. Ka karanta ranar ƙarewa a jikin fakiti. Wanda ya kwana biyu a kan tebur cikin rana, launin takardarsa ya koɗe, ka bar shi, don zafi na kashe ƙwayar wake da sauri. Wanda ake aunawa a buɗe ya fi arha, amma ka zuba a tafin hannu: ƙwaya mai ƙaramin rami alamar gunda ce, mai yamushi ko tsagewa kuma ba za ta tsiro da ƙarfi ba. Kafin ka gyara fangali, ka naɗe ƙwaya goma a jiƙaƙƙen tsumma ka ajiye a inuwa. Bayan mako ɗaya, idan bakwai ko takwas ba su tsiro ba, ka koma wa mai shagon. Irin da aka shafa wa hoda ja ko shuɗiya magani ne a jikinsa, a ɓoye shi daga yara da kaji, kuma ba a cinsa.

Ka sa kuɗin sanduna a lissafi idan mai hawa ka saya. Karan dawa ya isa dogon wake idan an haɗa uku-uku an ɗaure kansu, amma mai jan fure na da nauyi, sai gora ko reshen dogon yaro, a kafa shi da zurfi saboda iskar hunturu. Shinge ma dole ne a gidan da ke da awaki.

Taushin kwanso kuwa ba a fakiti yake ba, rabinsa ruwa ne, rabinsa tsinka da wuri. Ƙasarmu mai yashi ba ta riƙe laima, don haka ka cuɗa ruɓaɓɓen takin awaki ko na shanu kafin shuka, ka rufe gindin da ɓuntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa. Kada ƙasa ta bushe daga lokacin da fure ya fito. Ƙishirwar kwana biyu ta isa ta sa kwanso ya yi jijiya. Ka guji takin yuriya da yawa, ganye kawai za ta tara maka.

Mai jan fure ana tsinkarsa yana santimita 15 zuwa 20, gajeren kore yana 10 zuwa 15, dogon wake kuma yana kaurin fensir. Ka lanƙwasa ɗaya: idan ya karye ɓas, ruwa ya fito a bakin karayar, lokacinsa ne. Idan ya lanƙwashe kawai, ko ƙwayoyin sun kumbura har ana ƙirga su daga waje, ya wuce. Ka zagaya duk bayan kwana biyu da sassafe, ka cire har waɗanda suka tsufa, domin itacen na rage fure da zarar an bar kwanso ya ƙosa a jikinsa. Mai jan fure da koren wake na gama-gari kuma ba a cinsu ɗanye, suna da sinadarin da ke ɓata ciki, sai an dafa su sun nuna.