Agogon ƙirga taku: abin da na gani bayan na ɗaura shi

Likita ce ta ɗora ni a kan tattaki saboda hawan jini, ni kuma na so in riƙa sanin ko ina cika abin da aka ce. Shi ya sa na sayi ɗaya daga cikin agogunan hannun nan masu ƙirga taku, irin mai matsakaicin kuɗi da ake haɗawa da waya ta Bluetooth. Ta fannin jiki ba ni da ƙorafi a kansa. Ba shi da nauyi, caji ɗaya yana kai ni kwanaki, ruwan alwala bai taɓa yi masa komai ba, kuma yana girgiza idan kira ya shigo. Inda muka saɓa da shi shi ne ainihin aikin da na saye shi dominsa.

Idan na fita tattakin safe hannuna sake, ina wurga shi yadda aka saba, lissafinsa yana da kyau. Na gwada ƙirga taku ɗari da bakina, na duba, bambancin bai taka kara ya karya ba. Amma rayuwar mace ba tattakin safe kaɗai ba ce. Ranar wanki ina zaune a kan kujera 'yar tsugunno ina cuɗa kaya a baho, ƙafata ba ta motsa ba, lambar kuwa sai hawa take yi. Haka tuƙin tuwo da muciya, haka daka a turmi, wanda ya fi kowanne yawan takun ƙarya saboda taɓarya na tashi tana sauka a jere. Adaidaita Sahu ma, idan hanya ta yi gargada, kafin in sauka an ƙara mini takun da ban yi ba.

Dalilin yana cikin yadda aka ƙera shi. Akwai wata 'yar na'ura a ciki mai auna motsi ta fuska uku: sama da ƙasa, gaba da baya, dama da hagu. Manhajar agogon ce ke duba motsin, idan ta ga yana maimaita kansa da irin kiɗan tafiya sai ta ce taku ne. Hasashe take yi daga wuyan hannu, ba ta san abin da ƙafa ke ciki ba.

Ɗaya ɓangaren ya fi ci mini rai, wato takun gaskiya da yake zubarwa. Na zaga kasuwa har ƙafafuna suka yi tsami, hannun da agogon ke kai yana cikin hijabi riƙe da jaka a ƙirji, ɗayan ɗauke da leda. Da na dawo gida abin da ya rubuta bai kama ƙafar wahalar da na sha ba. Idan na riƙo hannun Hajiyarmu muna takawa a hankali, nan ma sai ya yi ta tsallake. Kaiwa da komowa tsakanin kicin da ɗaki kuwa da yawa ba ya shiga lissafi, domin irin waɗannan agoguna kan jira su ga taku da dama a jere kafin su fara ƙirgawa, don tace motsin banza.

Wani zai ce ai ƙari da ragi sun cinye juna. Ga mai hawan jini ko ciwon suga ba haka ba ne. Agogon zai girgiza da yamma ya nuna an cika burin taku 10,000 na rana, mutum ya ji daɗi ya fasa fita, alhali rabin lissafin daga baho ya fito. Aikin gida wahala ce ta gaske, ban raina shi ba, sai dai ba shi ne tafiyar sauri da ke ɗaga numfashi wadda likita ta nema ba.

Ita kanta 10,000 ɗin da agogon ya zo da ita ba daga asibiti ta samo asali ba. A Japan ne, a 1965, kamfanin Yamasa ya fitar da wata na'urar ƙirga taku mai suna Manpo-kei, wato mai auna taku dubu goma, lambar ta bi duniya daga nan. A 2019 wani bincike da Farfesa I-Min Lee ta jami'ar Harvard ta jagoranta a kan tsofaffin mata a Amurka ya nuna masu yin kimanin taku 4,400 a rana sun fi masu yin 2,700 ƙarancin mutuwa, amfanin kuma ya daina ƙaruwa sosai a wajen 7,500. A ƙugu matan suka ɗaura na'urar binciken, inda take jin motsin gangar jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa da mintuna take magana: aƙalla 150 a mako na motsa jiki matsakaici ga baligi.

Akwai abubuwan da suka rage mini matsalar. Na mayar da agogon hannun hagu tunda da dama nake aiki, na kuma gaya wa manhajar haka, domin tana tambayar hannun da aka ɗaura. Na ɗaure maɗaurin ya kama, don idan yana lilo yana ƙara taku. Ina cire shi lokacin wanki da daka. Idan zan fita tattaki ina kunna masa tsarin tafiya, in bar GPS na waya ya auna nisa, ni kuma in lura da mintuna.

Wanda ke son abin da zai riƙa zaburar da shi ya tashi daga zama, ko ya kwatanta tattakin yau da na jiya a hanya ɗaya, zai more kuɗinsa. 'Yar'uwata mai yawan aikin hannu, ko dattijo mai tafiya a hankali da sanda, ba zan ba su shawarar dogaro da jimillar da yake nunawa da dare ba, musamman idan ita za a kai wa likita.