Shekarata biyu da biyan kuɗin InterNACHI, ga abin da na gani

Assalamu alaikum jama'a. Tun da na bar aikin gyare-gyaren gidaje na koma duba gida kafin a saya, tambayar da 'yan uwa suka fi yi min ita ce wai wannan ƙungiyar ta masu duba gidaje, wato InterNACHI, da nake biya duk wata tana da amfani kuwa ko dai tambari ne kawai nake saya in manna a jikin mota. To yau dai bari in zauna in faɗa muku yadda na same ta, ni a Columbus nake a jihar Ohio, don haka abin da zan faɗa na nan Amurka ne, wanda yake wata jihar sai ya duba dokar wurinsa.

Ga wanda bai san aikin ba, a nan idan mutum ya ga gida ya yi tayi an karɓa, ana ba shi 'yan kwanaki ya kawo wanda zai duba masa gidan tun daga rufi har ɗakin ƙasa, wuta, famfo, hita, na'urar sanyaya ɗaki, tagogi, komai da ido zai iya gani, sannan a rubuta masa rahoto da hotuna. Da wannan rahoton yake komawa wajen mai sayarwa ya ce a gyara, ko a rage kuɗi, ko ma ya fasa gaba ɗaya. A gida Kano mun saba mutum ya ɗauki wani magini da ya yarda da shi su zaga su ƙwanƙwasa bango shikenan, to nan abin sana'a ce mai zaman kanta da takardu da inshora, kuma in ka yi sakaci kotu za a kai ka.

Manyan ƙungiyoyin masu wannan aiki guda biyu ne da kowa ya sani, akwai ASHI wadda aka kafa tun 1976, ita ce tsohuwar, sai InterNACHI wadda hedikwatarta ke garin Boulder a jihar Kolorado. Ni InterNACHI na shiga, kuma ba don ɗayar tana da wani aibi ba, kawai dai lokacin ina farawa ne aljihu babu nauyi, su kuma da zarar ka zama mamba duk kwasakwasansu na intanet kyauta ne, lokacin da na shiga dala 49 ce a wata ko 499 a shekara. ASHI kuwa kafin ka kai babban matakinsu sai ka ci jarrabawar ƙasa kuma ka duba gida 250 wanda aka biya ka, abu ne mai daraja sosai wallahi kuma ina da niyyar nema nan gaba, amma ga wanda ko gida ɗaya bai duba ba tafiyar da nisa.

Abu na farko da nake so kowa ya gane, don na ga mutane na rikita shi, satifiket ɗin ƙungiya daban lasisin jiha daban. Akwai jihohin da ba sa neman lasisi kwata-kwata irin su Kalifoniya da Kolorado, amma mu nan Ohio tun da aka sa hannu a dokar a 2019 sai ka yi karatun awa 80, ka fita aiki tare da gwanaye, ka ci jarrabawar ƙasa da ake kira NHIE, tambaya 200 ce a awa 4, sannan a ba ka lasisi. Ƙungiya ba za ta zauna maka wannan jarrabawar ba, abin da ta yi min shi ne ta ba ni wurin karatu, ina dawowa daga aiki bayan isha'i in buɗe kwamfuta in yi awa biyu, yau rufi gobe wayoyin wuta jibi yadda ruwa ke shiga ɗakin ƙasa, kuma darussan da bidiyo suke da hotuna, in ka faɗi gwaji ka sake babu mai cajin ka. Su ma nasu satifiket ɗin da sharuɗɗansa, akwai jarrabawarsu ta intanet mai tambaya 120, da kwas na ƙa'idojin aiki da na ɗa'ar sana'a, da rahoton gwaji guda 4 da za ka rubuta ka tura, ni gidan da nake haya da gidajen abokai uku na duba, kuma duk shekara sai ka ƙara karatun awa 24 in kana so ka ci gaba da riƙe shi.

Amma gaskiya ba karatun ne ya sa na ce kuɗina ya halatta ba, wani abu ne da ya faru a aikina na huɗu.

Wani tsohon gida ne na wajajen 1940, na sauka ɗakin ƙasa na kwance murfin akwatin wuta na haska tocila, sai na ga wayoyin da suka shiga breka farare ne kamar azurfa maimakon ja. Gabana ya faɗi, don a kwas an nanata mana cewa daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa farkon 1970 an yi gidaje da yawa da wayar alminiyam saboda tsadar jan ƙarfe, kuma ita wannan wayar tana saki a mahaɗa ta yi zafi har ta iya jawo gobara, wasu kamfanonin inshora ma ƙyamar gidan suke. Na ɗauki hoto kusa-kusa, a raina na riga na rubuta alminiyam a rahoto, matar da za ta sayi gidan tana tsaye a kan matakala tana kallon fuskata. Allah Ya taimake ni ban ce mata komai ba, na ce rahoto zai zo gobe da safe. Da daddare na sa hoton a dandalin mambobi na tambaya, ba a yi awa ɗaya ba wani dattijo da ya shekara da shekaru a aikin ya amsa min, ya ce in duba shekarar gidan tukuna, sannan in duba rigar wayar, in ta yadi ce da roba a ciki to kusan tabbas jan ƙarfe ne da aka shafa wa kuza a bayansa, haka ake yi a da don kada robar ta ci ƙarfen, ya ce in ƙara girman hoton in kalli bakin wayar inda aka yanke. Na ƙara, sai ga ja a tsakiya ƙarara. Da na rubuta abin da na yi niyya da na kashe cinikin mutane a banza, ko a kira mai gyaran wuta ya zo ya ce wanda ya duba gidan nan bai san aikinsa ba, kuma a sana'ar nan suna ne jari, in ya ɓaci a wajen dillalai biyu uku shikenan waya ta daina ƙara. Wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi, ni kuma a garin nan ba ni da wani uba a wannan sana'a da zan buga wa waya ƙarfe goma na dare, ƙungiyar ce ta zame min shi.

Abu na biyu da na ɗauka da muhimmanci shi ne takardar ƙa'idojin aiki, wadda ta fayyace abin da ya wajaba ka duba da abin da ba dolenka ba ne. Aikinmu na ido ne, ba ka fasa bango, ba ka janye kujeru da kabad ɗin mutane, ba dole ba ne ka hau rufin da ka ga akwai haɗari, kuma in sanyin waje ya yi ƙasa da digiri 65 a ma'aunin nan, wato wajen 18 a namu, ba a tilasta maka kunna na'urar sanyaya ɗaki ba saboda za ka iya lalata ta. Mu da muke Ohio wannan kusan rabin shekara ne, sai ka rubuta a rahoto cewa ba a gwada ba ga dalili. Da farko na ɗauka wannan duk kare kai ne, daga baya na gane adalci ne ga kwastoma, ya san iyakar abin da ya biya tun kafin a fara, kuma samfurin yarjejeniyar da suke ba mambobi wadda kwastoma ke sa wa hannu kafin aiki ya rage min wahala sosai, duk da haka na kai wa lauya a nan ya duba ya daidaita ta da dokar jiharmu, ina ba kowa shawara ya yi haka.

Sai maganar ɗa'a, nan ne na fi shan gwagwarmaya da mutanenmu. Akwai wani dattijo mutumin Maraɗi da muke sallah tare, ya tara kuɗi shekara da shekaru zai sayi gidansa na farko ya ce ni zan duba. Na hau saman silin na tarar bututun da ke fitar da tururin banɗaki ba a kai shi waje ba, a nan cikin rufin yake huci, katakon da ke samansa ya yi baƙi ƙirin da danshi har ƙusoshin sun yi tsatsa suna ɗiga. Na sauko na nuna masa hoto a waya. Ya ce, "To Malam, ai tun da Allah Ya sa kai ka gani kuma aikinka ne da, sai ka gyara min in biya ka, wa zan nema kuma?" Na ce, "Baba Alhaji ka yi haƙuri, dokar ƙungiyarmu ta hana in yi gyara don kuɗi a gidan da na duba sai bayan wata 12." Ransa bai so ba, na ga alama a fuskarsa, ya ce, "Haba ɗana, tsakaninmu ma sai doka?" Na zauna na yi masa bayani cewa in mai dubawa shi ne mai gyara, wa zai hana shi ƙirƙiro matsala don ya samu aiki, kuma shi kansa yaya zai yi ya tabbata abin da na nuna masa gaskiya ne ba neman kuɗi ba. Ya yi shiru sannan ya ce haka ne. Ƙarshe ma mai sayarwar ne ya gyara da kuɗinsa kafin a rufe ciniki. Wallahi da ba don akwai rubutacciyar doka da zan jingina da ita ba da kunya ba za ta bar ni in ce wa dattijon nan a'a ba, kun dai san mu da nauyin baki a gaban manya.

Haka ma akwai wani dillali da ya taɓa ja na gefe ya ce in sassauta rahoto kar in tsorata masu saye, in na yi haka zai riƙa turo min aiki duk sati. Lokacin ina matuƙar buƙatar aikin, amma ƙa'idar a fili take, wanda ya ɗauke ka aiki shi kake yi wa, kuma ba a biyan dillali don ya turo maka kwastoma. Bai sake kira na ba, matar da na duba wa gidan kuwa ta turo min ƙanwarta da wata abokiyar aikinta.

Akwai sauran ƙananan abubuwa, sun zana min tambarin kamfani kyauta, ana samun ragi wajen sayen wasu kayan aiki da manhajar rubuta rahoto, sunana yana cikin jerin da mutum zai nema a shafinsu. Suna kuma da wani tsari na cewa in mai dubawa ya tsallake wani abu za su sayi gidan daga hannun kwastoma cikin kwana 90 da rufe ciniki, amma yana da sharuɗɗa, ka karanta su da kyau kafin ka tallata shi.

Inda nake so masu shigowa su rage buri shi ne maganar kwastoma. Kar ka ɗauka kana biyan kuɗin mamba waya za ta fara ƙara, ba aikin ƙungiya ba ne wannan, watannina na farko da ƙafata na bi ofis-ofis ina gabatar da kaina, na roƙi duk wanda na yi wa aiki ya rubuta min sharhi a Google, na yi magana a masallaci bayan Juma'a. Kuma karatun intanet komai kyansa ba zai koya maka warin ɗakin ƙasa mai danshi ba ko yadda katako ruɓaɓɓe ke nutsewa in ka danna shi da sukundireba, wannan sai ka bi wani gwani kana riƙe masa tsani. Inshora ma daban za ka biya, har da irin wadda ke kare ka in ka yi kuskure a rahoto.

Wani abu da kwasakwasan suka buɗe min ido a kai shi ne radon, wata iska ce da ke fitowa daga ƙasa ba launi ba wari, tana taruwa a ɗakin ƙasa, kuma bayan taba sigari ita ce ta biyu wajen jawo sankarar huhu a Amurka. Hukumar kare muhalli ta ƙasa ta ce in awo ya kai 4 a ma'auninsu to a ɗauki mataki, kuma yankinmu na tsakiyar Ohio yana cikin wuraren da take da yawa. Auna ta a nan sai da wani lasisi daban daga ma'aikatar lafiya ta jiha, na nema na samu, yanzu kusan duk wanda na duba wa gida sai ya ƙara da wannan. Haka fentin gubar dalma, an hana shi a gidaje a 1978, don haka duk gidan da ya girmi wannan shekarar ina jan hankalin masu ƙananan yara, mu da muka ji abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba sai an yi mana dogon bayani ba.

A watan jiya na sabunta zamana mamba a InterNACHI, wannan karon na shekara na biya gaba ɗaya, aiki biyu ya mayar min da kuɗin. Suna da wani gida da suka gina a Boulder da gangan cike da kurakuran gini don a koyi gano su da hannu, akwai irinsa a Florida, ban samu zuwa ba tukuna amma in Allah Ya kai mu bazara ina so in ɗauki sati ɗaya in je, akwai wani yaro ɗan Zariya da yake bi na aiki yanzu yana shirin jarrabawar lasisi, in hali ya yi tare za mu tafi.