KTM 390 Duke bayan garambawul: babur ɗin da bai dogara da masana'antar Ostiriya ba

Duk mai niyyar sayen babur na KTM a yanzu yana da hujjar yin ɗari-ɗari, domin a ƙarshen watan Nuwamban 2024 bashi ya yi wa kamfanin katutu har ya nemi kotu a Ostiriya ta ba shi damar yi wa kansa garambawul. Babura sun yi kwantai a hannun dillalai, an sallami ɗaruruwan ma'aikata, masana'antarsa da ke garin Mattighofen a Ostiriya kuma ta tsaya cak har sau biyu. A watan Fabrairun 2025 masu bin bashi suka haƙura da karɓar kashi 30 cikin 100 na kuɗinsu, kuma Bajaj na Indiya, wanda ya fara sayen hannun jari a KTM tun 2007, shi ne ya kawo kuɗin da aka biya su, daga baya ya karɓe ragamar kamfanin.

A ganina wannan rikici bai taɓa 390 Duke ba kamar yadda ya taɓa manyan 'yan'uwansa, saboda tun 2013 a Chakan, kusa da birnin Pune, Bajaj ke ƙera shi, wato kamfanin da ke yin Boxer ɗin da 'yan acaba suka sani ciki da bai. Wanda ke ƙera babur ɗin shi ne yanzu mai gidan, kuma hakan na kwantar da hankali a kan batun kayan gyara.

Sai dai kada sunan Bajaj ya ruɗi kowa, wannan ba babur ɗin neman abinci ba ne. Sabon samfurin yana da inji mai silinda ɗaya, cc 399, wanda ruwa ke sanyaya shi, da giya shida da tanki mai cin lita 15. Ba shi da nauyi, yana amsa totur nan take, birkinsa na ABS kuwa, wanda ke hana taya kullewa idan an danne shi da ƙarfi, shi ne abin da ya fi burge ni, musamman da yake na'urar tana la'akari da kwanciyar babur a kwana. A maimakon agogon allura, allo ne mai launi kamar na waya ke nuna giya da gudu.

Nan kuma rauninsa yake a wajenmu. Tayoyinsa na inci 17 na kwalta ne, ba na yashi ko gargada ba, kujerar baya kuma ba ta ɗaukar fasinja da buhu. Bakaniken bakin titi da ya saba kwance injin Boxer a kan kwali ba zai gano matsalar kwamfutar wannan babur da sukudireba ba. Mai saye ya fara tabbatar da inda zai samu ƙwararren mai gyara da kayan gyara na asali kafin ya biya ko sisi.