Ofishin Cike Takardun Bizar Zama a Amurka: Abin da Ya Iya da Inda Ya Gaza

A Kano akwai ofisoshi masu zaman kansu da ke taimaka wa masu neman biza wajen haɗa takardu, kuma ɗaya daga cikinsu ne ya yi wa ƙanwata aiki a shekarar 2023, lokacin da mijinta, wanda ke da shaidar zama ɗan ƙasar Amurka, ya nema mata bizar zama ta dindindin. Ni ne na tsaya mata a kan lamarin tun daga farko har ranar ganawa da jami'in biza, saboda haka abin da zan faɗa abin da idona ya gani ne.

Aikin ofishin ya fara ne bayan hukumar shige da fice ta Amurka ta amince da takardar I-130 da mijin ya shigar, wato takardar da ake nema wa mata ko dangi izinin zama da ita, aka tura fayil ɗin zuwa cibiyar NVC mai tattara takardun masu neman bizar zama, da ke Portsmouth a jihar New Hampshire. Daga nan ake biyan kuɗi, wanda a lokacin dala 325 ne na neman bizar da dala 120 na duba takardar ɗaukar nauyi, sannan a cike fom ɗin neman bizar, wato DS-260, ta intanet, a ɗora hotunan takardu. A wannan mataki ne na ga bambancin ofishin da shagunan kwamfuta na bakin titi, domin ma'aikacin da aka haɗa mu da shi ya ƙi taɓa fom ɗin sai da ya baje takardun ƙanwata duka a kan tebur, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da biro a hannu. A fasfo sunan mahaifinmu Muhammad ne, a takardar makaranta Mohammed, a takardar aure kuma an ƙara sunan garinmu a matsayin sunan ƙarshe, kamar yadda da yawa daga cikinmu suka taso da shi tun daga firamare. Ya bayyana mana cewa jami'in bizar Amurka da ke Legas ba ya da hanyar sanin cewa duk mutum ɗaya ne sai an nuna masa, don haka ya sa aka bi rubutun fasfo, aka lissafa sauran a gurbin da fom ɗin ya tanada na wasu sunayen da mutum ya taɓa amfani da su.

Ya kuma san al'amuran aurenmu, kuma wannan ne ya fi kwantar mini da hankali. Ƙanwata ta taɓa aure, kuma shaidar rabuwar da ke hannunta ita ce 'yar takardar saki da tsohon mijin ya rubuta da Hausa. Ma'aikacin ya ce mata, "Hajiya, wannan ta ishe ki a gida, amma ba za ta ishe ki a gaban jami'i ba," ya tura mu kotun shari'a domin samun shaida mai hatimi, tare da fassarar Turanci wadda mai fassara ya sa wa hannu. Haka ya yi da takardar haihuwa, inda ya nace a kan ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa maimakon takardar rantsuwar shekaru da muka saba dogaro da ita. Da ya ji ta yi karatu na fiye da shekara guda a wata ƙasa bayan ta cika shekara 16, sai ya tunatar da mu cewa ana bukatar shaidar 'yan sanda daga can ma, ban da ta Najeriya. Hoton ma sai da ya sa aka sake, inci 2 a kan 2, farin bango, babu tabarau, da hijabinta amma fuska a buɗe.

Duk da haka akwai abubuwa biyu da ban ji daɗinsu ba, kuma na farkon babba ne. Da aka zo cike DS-260, wani yaron ofishin ne ya zauna a kwamfuta, yana ta danna "a'a" a jerin tambayoyin tsaro da lafiya ba tare da ya karanta wa mai fom ɗin ko guda ba, kuma ya so ya tsallake wurin da ake tambayar ko wani ya taimaka wajen cikewa. Wannan ganganci ne, domin fom ɗin yana kullewa da zarar an tura shi, mai nema ce za ta yi rantsuwa a kansa ranar ganawa, kuma idan aka same ta da ba da bayanin ƙarya da gangan, dokar Amurka tana iya haramta mata biza har abada. Sai da na dage aka koma farko, aka karanta mata kowace tambaya da Hausa, har da adireshin wuraren da ta zauna da sunayenta na kafafen sada zumunta na shekara biyar da suka wuce. Na biyu shi ne son riƙe lambar fayil da lambar shiga shafin intanet na neman bizar a wurinsu, abin da ke sa mutum ya koma yana roƙo kafin ya ga saƙon da aka aiko masa.

A ɓangaren takardar ɗaukar nauyi, wato I-864, taimakonsu kaɗan ne, tunda mijin ne ke cike ta daga can da bayanan harajinsa, yana nuna cewa samunsa ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na gwamnatinsu. Gwajin lafiya ma sun nuna mana jerin likitocin da ofishin jakadancin ya amince da su ne kawai. Sun dai shirya fayil ɗin da aka tafi da shi ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Legas cikin tsari, takardun asali a gefe, kwafinsu a gefe, kuma ba a nemi ƙarin wata takarda ba.

Kuɗin aikinsu yana da tsada, amma sun ba da rasit, kuma ba su taɓa cewa suna da hanya a ciki ba. Dokokin shiga Amurka suna sauyawa sosai, don haka wanda zai je wurinsu yanzu ya fara duba shafin ofishin jakadancin, ya kuma zauna kusa da mai cike fom ɗin har a gama, sannan ya karɓi lambobinsa da kwafin abin da aka tura kafin ya bar ofishin.